Ƙattin Da Ba A Gayyata Ba

A jami'o'in Amurka akwai wani rukunin 'yan wasa da ya daɗe yana ba ni sha'awa, duk da cewa wasan da suke yi baƙo ne a wurinmu. Wasan shi ne zari-ruga irin ta Amurka, wadda su can suke kira ƙwallon ƙafa ko da yake da hannu ake yin mafi yawanta. Rukunin kuwa su ne ɗaliban da babu kocin da ya taka ƙofar gidan iyayensu yana neman su, babu kuma wanda ya yi musu alkawarin tallafin karatu. Su suka sami gurbin jami'a da kansu, suka biya kuɗin makaranta, sannan suka je filin atisaye suka ce a gwada su. Na so in kira su 'yan sa-kai, amma a Zamfara wannan suna ya riga ya ɗauki wani kaya dabam. Bari mu ce 'yan kawo-kai.

A cikinsu ma, 'yan sahun gaba nake nufi. Kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili. Biyar daga cikin masu kai hari suna durƙusawa kafaɗa da kafaɗa, aikinsu su zama katanga ga mai jifan ƙwallo, su kuma buɗa kafa ga mai gudu da ita. A gabansu akwai ƙatti uku ko huɗu na abokan hamayya waɗanda aikinsu su rusa katangar. Ban da na tsakiya mai miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, ɗan sahun gaba yakan gama wasa bai taɓa ƙwallon ba, kuma ba kasafai ake ambaton lambarsa ba sai ya yi laifi. Manyan cikinsu sukan kai kilo 140. Karo ɗaya ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi, amma za a maimaita shi sau sittin ko saba'in kafin a tashi. Sirrin aikin shi ne ka yi ƙasa fiye da abokin karawarka, ka riga shi kai hannu ƙirji, ƙugu ya yi nauyi, ƙafa kada ta tsaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a dandali bayan kaka ya kalli kokawa ya san wannan bayani tun kafin in yi shi.

Me ya sa 'yan kawo-kai suka fi fitowa a wannan sahu? Gudu yana bayyana da wuri. Yaro ɗan shekara 16 mai sauri, agogo ma ya isa ya nuna shi, saboda haka masu farautar 'yan wasa ba sa kuskure masa sosai. Girma da ƙarfi kuwa a makare suke zuwa. Dogon saurayi mai manyan ƙasusuwa da faɗin tafin hannu, wanda a shekara 17 kamar sillen kara yake, yana iya zama wani abu dabam a shekara 21 idan ya sami abinci da horo. Mai neman ɗan wasan da ya riga ya nuna ba zai ko kalle shi ba. Wannan ita ce maganar da nake son mu tsaya a kanta yau: ƙato na fili renonsa ake yi, kuma renon yana cin shekaru.

Jami'ar da ta fi shahara da wannan reno ita ce ta Nebraska, jihar masara da shanu a tsakiyar Amurka. A shekarun 1990 mutanenta ba su kai miliyan biyu ba, wato ba su kai Zamfara ba, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta sama da miliyan uku. Laƙabin ƙungiyar jami'ar ma na gona ne, masu ɓare masara. Ba ta da manyan birane cike da 'yan wasa kamar Kalifoniya ko Teksas, sai ƙananan garuruwa, inda wasu makarantun ba sa iya haɗa mutum 11 sai su buga wasan mutum takwas-takwas. Abin da ta yi shi ne ta buɗe ƙofa ga 'ya'yan manoma. A zamanin koci Tom Osborne, wanda ya riƙe ƙungiyar daga 1973 zuwa 1997, akan tara 'yan wasa fiye da 150, alhali daga 1994 doka ta taƙaita masu tallafin karatu zuwa 85. Ragowar duk kawo kansu suka yi. Da irin wannan runduna Nebraska ta ci kofin ƙasa a 1994 da 1995 da 1997.

Buɗe ƙofar shi ne ɓangare mai sauƙi. Tun 1969 kocin da ya gabaci Osborne, Bob Devaney, ya ɗauki wani matashi mai suna Boyd Epley aikin horar da 'yan wasa ɗaga ƙarfe, a lokacin da yawancin masu horarwa suke ganin ƙarfe yana sa jiki ya sanƙare. Epley yakan ba da labarin cewa an gargaɗe shi: idan gudun ɗan wasa ko ɗaya ya ragu, a bakin aikinsa. Gudu bai ragu ba, ƙaruwa ya yi. Daga nan aka sami tsari. Sabon yaro ba ya buga gasa a shekararsa ta farko, domin doka ta ba ɗalibi shekara biyar ya buga huɗu a ciki. A wannan shekara aikinsa ci, ɗaga ƙarfe, karatu, da zama abin gwaji: shi da ire-irensa ne suke kwaikwayon ƙungiyar da za a kara da ita ranar Asabar, manya suna tumurmusa su tun daga Litinin. Ana auna nauyinsa, ana rubuta abin da ya ɗaga, ana duba sakamakon jarrabawarsa, domin wanda ya faɗi a aji ba ya shiga fili. A shekara ta uku ko ta huɗu, idan ya jure, sai a fara jin sunansa. Da yawa ba sa jurewa. Wasu kuma suna jurewa har su gama digiri ba su buga minti goma ba.

Labarin Brandon Burlsworth ya nuna yadda renon yake a jikin mutum guda. A 1994 ya kawo kansa Jami'ar Arkansas daga wani ƙaramin gari, Harrison, da nauyin da ya kusa kilo 136, galibi teɓa. Sai da aka fara sauke shi zuwa wajen kilo 118, sannan aka sake gina shi a hankali har ya koma nauyinsa na farko, wannan karon da tsoka. Ya sami tallafin karatu, ya shiga jerin gwanayen ƙasa a 1998, ya kammala digiri na biyu tun kafin wasansa na ƙarshe. A Afrilun 1999 ƙungiyar Indianapolis Colts ta zaɓe shi, bayan kwana 11 ya rasu a hatsarin mota yana da shekara 22. Tun 2010 ake ba da kambu da sunansa kowace shekara ga gwanin da ya fara a matsayin ɗan kawo-kai.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Ezekiel Ansah, haifaffen Akara ta Gana. Karatu ya kai shi Jami'ar Brigham Young da ke jihar Utah a 2008. Sau biyu ya nemi shiga ƙungiyar ƙwallon kwando, sau biyu ana sallamarsa. Ya koma tsere, inda ya yi mita 200 a ƙasa da daƙiƙa 22, abin mamaki ga mutum mai girmansa. A 2010 ya je wurin kocin zari-ruga, Bronco Mendenhall, bai ma san yadda ake ɗaura sulken wasan ba. Bayan shekara uku, a 2013, shi ne mutum na biyar da aka zaɓa a duk faɗin Amurka zuwa babbar gasar ƙwararru ta NFL, ƙungiyar Detroit Lions ta ɗauke shi. Abin lura a nan, mutumin da aka kora sau biyu a wani fili ya tarar da wata ƙofa a buɗe a cikin makaranta ɗaya, da kuma mutanen da suka yarda su ɓata shekara biyu suna koya masa abin da yaran Amurka suka sani tun suna firamare.

Masu gasar NFL sun ga wannan, sun kuma biyo sawu har gida. Osi Umenyiora, wanda ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Nijeriya kuma ya ci babban kofin gasar sau biyu da New York Giants, shi ya jagoranci neman ƙatti a Afirka. An yi sansanin gwaji a Akara a 2022, a Nairobi a 2023, a Legas a 2024. A 2023, cikin baƙi takwas da aka rarraba wa ƙungiyoyin gasar ta wani shiri na musamman, shida 'yan Nijeriya ne, kusan dukkansu 'yan sahun gaba. Ɗaya daga cikinsu, C.J. Okoye, ya kayar da mai jifan ƙwallo a wasan gwaji na watan Agustan shekarar, wanda shi ne wasa na farko da ya taɓa bugawa a rayuwarsa. Mai karatu ya dubi sunayen sauran: Mbaeteka, Ndubuisi, Godrick, Agoha, Odumegwu. Ba hassada nake yi ba, Allah ya ƙara musu. Sunayen dai sun nuna inda ake dubawa da inda ba a dubawa.

To, mu dawo gida. Duk wanda ya san kasuwar Nahuce, ko ta Tsafe, ko wuraren lodin hatsi a Gusau, ya san samarin da suke saɓa buhu mai kilo 100 a wuya su hau da shi kan tirela, tun hantsi har la'asar, a kan koko da ƙosai. Ƙarfin baya da na cinya da ake kashe dala ana nema a Nebraska, ga shi nan ana sayar da shi buhu-buhu a kan kuɗin da ba ya kai mutum ko'ina. Ƙasar nan ba baƙuwar ƙarfi ba ce. Ita ta haifi 'yan dambe irin su Shago, wanda Ɗan Anace ya dawwamar da sunansa, kuma kafin tsoro ya hana taron dare, da wuya a sami ƙauyen da ba a kafa da'irar kokawa bayan an kai amfanin gona gida. Amma mu tambayi kanmu, wace ƙofa ce a yau take buɗe ga ƙaƙƙarfan saurayi wanda bai san kowa ba? Ramin haƙar zinari a Anka ko Maru yana karɓarsa ba tare da takarda ba. Daji yana karɓarsa, har da babur. A Janairun 2024 gwamnati ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara, ta ɗauki fiye da mutum dubu biyu. Biyun farko halaka ne, na ukun kuma sayar da rai ne, komai kyawun niyya. Filin wasa ba ya cikin jerin.

Kada a fahimce ni da cewa ina kira a kawo zari-rugar Amurka Bunguɗu. Ba na so, kuma ɗan Nijeriya ne ya ba ni hujja. A 2002 wani tsohon ɗan sahun gaba na Pittsburgh Steelers, Mike Webster, ya mutu yana da shekara 50 bayan ya daɗe cikin ruɗewar hankali. Likitan da ya binciki ƙwaƙwalwarsa, Dakta Bennet Omalu, ɗan asalin Anambra, ya gano lalacewar da yawan gwaren kai yake haddasawa, ya wallafa bincikensa a 2005, masu gasar suka yi masa ca. A 2017 masu bincike na Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwar mamata 111 da suka buga NFL, suka sami cutar a 110. Gaskiya ne iyalan da suka ga alama ne suka fi ba da gawa a bincika, don haka adadin ba ya wakiltar kowa, amma ya isa gargaɗi. Ɗan sahun gaba kuwa kansa yana haɗuwa da na wani a kusan kowane karo. Ga kuma lissafin riba: cikin 'yan wasan jami'a, waɗanda suke kaiwa NFL ba su kai biyu cikin ɗari ba. Abin da yawancin 'yan kawo-kai suke fita da shi digiri ne da tarbiyyar jiki, wani lokaci da gwiwa mai ciwo.

Tsarin nake kwaɗayi. Wasan da za a ɗora shi a kai kuwa muna da shi. Masu horarwa a Amurka sun daɗe suna son ɗan sahun gaban da ya yi kokawa, har akwai Stephen Neal, wanda bai buga zari-ruga a jami'a ba ko sau ɗaya. Zakaran kokawa ne na duniya a 1999, New England Patriots ta ɗauke shi a 2001 ta koya masa wasan, ya ci babban kofi sau uku da ita. Idan ɗan kokawa yana iya zama katanga a can, ashe abin da muke rainawa a dandali shi ne tushen sana'ar. A nan Nijeriya, Bayelsa ta gane haka. Daga kokawar gargajiyar Ijo Daniel Igali ya fito, ya ci zinari wa Kanada a gasar Olamfik ta Sidni a 2000, ya dawo gida ya shugabanci hukumar kokawa ta ƙasa. A 2021 'yar jiharsa, Blessing Oborududu, ta ciyo azurfa a Tokiyo, lambar Olamfik ta farko da Nijeriya ta samu a kokawa. Shekara ashirin da ɗaya ke tsakanin lambobin nan biyu, kuma a cikinsu aka yi renon.

Maƙwabtanmu na Nijar sun bi ta wata hanyar. Tun 1975, lokacin da aka yi gasar Takobi ta farko a Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, suka mai da kokawa abin ƙasa. Jihohi takwas, kowace tana kawo mutum goma, kuma tankaɗe da rairaya daga ƙasa yake farawa, ta yadda ɗan ƙauyen da ba a san shi ba yana iya kayar da mai suna ya ƙwace gurbinsa. Manyan biranen jihohi suna da filayen kokawa na dindindin, rediyo da talabijin suna watsawa kai tsaye. Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobin sau shida, yara a Sakkwato da Katsina sun san sunansa ta waya. Harshe ɗaya, kirari iri ɗaya, gero ɗaya muke ci da su. Iyaka ce kawai a tsakani, sai kuma tsari.

Mu kuwa al'adarmu a manyan makarantu sananniya ce. Ba a tuna wasanni sai gasar jami'o'i ta NUGA, wadda aka fara tun 1966, ko ta kwalejojin kimiyya da fasaha ta ƙarato. Sai a tara waɗanda aka sani, a yi musu sansanin mako biyu, a ɗinka riguna, a tafi. A matakin jihohi ma, ƙorafin ɗauko 'yan wasan haya daga wata jiha don Bikin Wasanni na Ƙasa tsoho ne. Ana fafe gora ranar tafiya, sannan a dawo ana cewa yaran Arewa ba su da jikin wasa.

Akwai wurare biyu da kwatancen nan nawa yake ɗingishi, kuma gara in nuna su da kaina. Na farko, ɗan kawo-kai na Amurka ɗalibi ne tun kafin ya zama ɗan wasa. Ɗan dakon Nahuce kuwa wataƙila bai gama firamare ba, kuma ko waɗanda suke makaranta sun ga yadda aka rufe makarantu bayan sace ɗalibai mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021. Ƙofar jami'a kaɗai ba za ta kai gare shi ba. Sai an haɗa da makarantun sakandare, da azuzuwan yaƙi da jahilci, da hukumomin ɗamara waɗanda dama suna da al'adar ɗaukar 'yan wasa aiki. Chioma Ajunwa, wadda ta ciyo wa Nijeriya zinari a dogon tsalle a Atlanta a 1996, 'yar sanda ce. Na biyu ya fi ciwo. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 57 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 37 ne. Tsawon da aka rasa a shekara biyun farko na rayuwa, babu kocin da zai dawo da shi. Wasu daga cikin ƙattin da muke nema tun a goye aka rage musu tsawo. Sa'ar da muka yi ita ce kokawar zamani aji-aji ce bisa nauyi, daga kilo 57 har 125, saboda haka gajere mai ƙarfi ma yana da wurinsa, abin da sahun gaban Amurka ba zai ba shi ba.

Wani abin mamaki, a daidai lokacin da nake yabon wannan ƙofa, masu ita sun fara tura ta. A Yunin 2025 wata alƙaliya a Kalifoniya, Claudia Wilken, ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasa kuɗi kai tsaye. A cikin sulhun aka ƙayyade cewa ƙungiyar zari-ruga ba za ta wuce mutum 105 ba, ko da yake an yi sassauci ga waɗanda suke ciki a lokacin. Idan guraben sun ƙaranta kuma kowanne yana da farashi, koci zai fi son ya sayo wanda ya riga ya ƙosa daga wata makaranta a kan ya jira ɗan manomi shekara uku. Wato su ma sun kama hanyar ɗaukar haya. Ina ganin za su yi nadama, amma wannan matsalarsu ce.

Abin da nake roƙo a nan gida ƙarami ne. Jami'ar Tarayya ta Gusau, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura Namoda, da Kwalejin Ilimi ta Maru, kowace ta ware rana ɗaya a farkon zango ta gwajin kowa da kowa, da rana tsaka, a cikin harabarta. Kada a nemi takardar wani babba. A auna tsawo da nauyi da faɗin hannu, a sa su jifan dalma, a haɗa su kokawa a kan yashi, a rubuta komai a littafi. A zaɓi mutum ashirin, a fifita wanda ƙashinsa ya nuna zai ƙaru a kan wanda ya riga ya cika. A yi musu alkawari ɗaya: shekara biyu ba za a nemi lamba a hannunsu ba, amma za a ciyar da su sau biyu a rana, a horar da su kwana huɗu a mako, wanda ya faɗi jarrabawa kuma ya koma benci. Abincin ba daga waje za a kawo shi ba, wake ne da gyaɗa da waken suya da nono da ƙwai, duk ana samunsu tsakanin Tsafe da Bunguɗu. Rabin guraben horon a bar wa samarin gari waɗanda ba ɗalibai ba, bisa sharaɗin su shiga ajin yamma. Tsofaffin 'yan kokawa da suke zaune a ƙauyuka ba aikin yi, a ɗauko biyu a haɗa su da malamin motsa jiki, su kawo dabarar kaye, shi ya kawo dokokin zamani da littafin awo.

Kayan ranar farko ba su wuce sikeli da tef ɗin tela da yashi tifa biyu ba. Kuɗin yana cikin tukunyar shekara biyun, kuma a nan ne za a ga ko shugaban makaranta zai sa hannu a kan abincin yaran da ba za su kawo masa kofi ba sai wataƙila bayan ya bar kujera.